Me yaranmu ke koya a zango guda? Amsoshin tambayoyin iyayen 'yan firamare a Katsina

Duk ranar da aka raba katin sakamako, tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne. Wani uban a bakin ƙofar makaranta zai tare ka, ko babur bai kashe ba. Wata uwar kuma, yayar yaron za ta turo da saƙo. Wani kuma sai an sallame Magariba ya riƙo hannunka ya ce, "Malam, ina da 'yar magana." Na daɗe ina riƙe da alli a firamare a cikin birnin Katsina, daga aji 1 zuwa aji 6 babu wanda ban taɓa riƙewa ba, don haka na tara tambayoyin da suka fi dawowa na amsa su wuri guda. Makarantar gwamnati na fi sani, amma masu zaman kansu ma manhajar ƙasa suke bi.

Zango nawa ne a shekara, kuma mako nawa ake karatu a kowanne?

Uku ne. Na farko yakan kama daga Satumba zuwa Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Afrilu, na uku ya ƙare a Yuli, sannan a tafi dogon hutu. A takarda zango yakan kai mako 12 ko 13.

Amma a zauna a yi lissafin gaskiya. Makon farko yakan tafi a shara, rajista da bitar abin da aka manta a hutu. Akwai ɗan hutun tsakiyar zango. Makonni biyun ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Abin da ya rage na sabon karatu bai fi mako tara ko goma ba, in Sallah ko Mauludi suka faɗo ciki kuma ya ƙara raguwa. A 2025 ma Katsina na cikin jihohin da suka rufe makarantu a watan azumi. Shi ya sa nake jin ciwon maganar nan ta "a bari sai mako mai zuwa, ai ba a fara komai ba." Yaron da aka riƙe a gida har mako na uku zai zo ya tarar an aza harsashi babu shi.

Kowane malami abin da ya ga dama yake koyarwa, ko akwai tsari?

Akwai tsari. Hukumar NERDC ta tarayya ce ke rubuta manhaja. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin farko na bai-ɗaya, UBE, a 1999, aka yi masa doka a 2004, ana lissafin karatun farko shekara tara ne a jere: aji 1 zuwa 3, aji 4 zuwa 6, sai shekara uku na ƙaramar sakandare. A jiha, hukumar ilimin farko ta jiha, SUBEB, ce ke kula da firamaren gwamnati ta hannun ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi 34.

Abin da ya fi shafar ku shi ne takardar da muke kira sikim. Ita ke yanka manhajar shekara zango-zango, ta yanka zango mako-mako. Daga cikinta malami ke rubuta shirin darasinsa, hedimasta ya duba ya sa hannu. Ba asiri ba ce. Uba na iya zuwa cikin mutunci ya ce a nuna masa inda aka kai, malamin kirki kuma ba zai ji haushi ba.

Darussa nawa ne yaro ke ɗauka? Jakar ɗana har ta fi ƙarfinsa.

A ƙananan azuzuwa akwai Turanci, lissafi, Hausa, kimiyya, motsa jiki da kiwon lafiya, addini, tarihi, zamantakewa, sai zane da al'adu. Larabci kuma ga makarantar da ke da malaminsa. Daga aji 4 ake ƙara noma da kula da gida da sanin kwamfuta, wasu wuraren har da Faransanci. An sha yi wa jerin nan kwaskwarima, a haɗe wasu a sake rabawa, ko a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da wani gyaran don rage yawansu. Kada ku yi mamaki in sunayen da ke katin ƙane ba su yi daidai da na katin wansa ba.

Ni dai a wurina duk tsawon jerin kan abu biyu ya tsaya: yaro ya karanta rubutu ya gane, ya kuma iya sarrafa lamba. Wanda bai iya karatu ba, ko darasi goma sha biyu aka jera masa a kati, abu ɗaya yake yi tun safe har tashi, kwafar abin da ke jikin allo kamar mai zanen hula. Nauyin jaka kuwa, ku karɓi jadawalin darasi wurin malamin aji, yaro ya riƙa ɗaukar littattafan ranar kawai.

Malam, 'yata ta gama zangon farko a aji 1 amma ba ta iya karatu ba. Akwai matsala?

Babu, in dai ana tafiya. Ɗan shekara shida da bai yi rabin aji ba, zangonsa na farko kusan duka na koyon zama ne: ya riƙe fensir ba riƙon muciya ba, ya tsaya a kan layi, ya san rubutu daga hagu yake tasowa ya nufi dama, wanda ga yaron da ya saba da allo ba ƙaramin juyi ba ne.

Abin da zan nema a wurinta a Disamba shi ne wasulan nan biyar, a e i o u, da wasu baƙaƙe, a nuna mata ɗaya a tsakiya ta faɗi sautinsa ba sai ta rero daga farko ba. Ta fara aurar da baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu. Ta ƙirga abu goma zuwa ashirin tana taɓa kowanne, ta rubuta lambobin farko ko da 3 ɗinta na kallon baya, wannan kusan duk yara suna yi. Ta gane sunanta a rubuce. Karanta kalmomi irin su "baba" da "gida" a zango na biyu yake kankama, gajeriyar jimla a na uku. In aka shiga aji 2 har yanzu baƙaƙe na rikice mata, a nan za a tashi tsaye. Duba amsar ƙarshe.

Me ya sa za a ɓata lokaci ana koya wa Bahaushe Hausa?

Wannan ta fi kowace zuwa, kuma galibi daga bakin 'yan boko. Jin Hausa daban, karanta ta da rubuta ta daban. A darasin Hausa ne yaro ke gano sirrin karatu gaba ɗaya, cewa kowane baƙi sauti ne, in an jera su magana ce ke fitowa. Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, saɓanin Turanci da baƙi ɗaya zai yi wani sauti a nan ya canza a can. Yaron da ya haɗa "ta" da "sa" ya ji "tasa" ta fito, ya san tasa, a cikinta ya ci tuwo jiya. Ranar da haka ta faru za ka ga fuskarsa ta washe, daga nan tsallakawa Turanci ba ya wuya.

Ƙananan azuzuwa na kan baƙaƙe da gaɓoɓi, da masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Nakan rubuta musu "Sarki ya tafi fada" da "Sarki ya tafi faɗa", in ce su gaya mini wanne zai ja wa marubucinsa fushin dogarai. Daga ranar ba sa sake manta lanƙwasar. Manya kuma suna shiga ƙa'idojin rubutu, "yana" a haɗe, "za su" a rabe, sai insha'i, wasiƙa, karin magana, tatsuniya da kacici-kacici.

Akwai abin da ya shafe mu Katsinawa. Yaro zai rubuta "tahi" ko "mi kake so", malami ya ja masa jan biro, ya koma gida yana cewa an ce Hausar gidansu ba daidai ba ce. Katsinanci Hausa ce cikakkiya. Makaranta dai daidaitacciyar Hausa take koyarwa, wadda ta fi kusa da Kananci, don da ita ake buga littattafai da jarrabawa. Ku gaya masa a takarda "tafi", a zaure "tahi".

To da wane harshe ake koyar da sauran darussan? Yaushe zai fara jin Turanci?

Tsohon tsarin ilimi na ƙasa ya ce harshen gida a aji 1 zuwa 3, daga aji 4 a juya Turanci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai harshen uwa har aji 6, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da an janye. A cikin aji dai yau ma kamar jiya: a rubuta da Turanci a allo, a yi bayani da Hausa, don malamin da ke son a gane shi ba shi da wata hanya.

Darasin Turancin kansa, a aji 1 da 2 gaisuwa ce, sunayen kayan aji da sassan jiki, da sautukan baƙaƙe. Aji 3 da 4 ana karanta ɗan labari a amsa tambayoyi, ana tilo da jam'i, ana shifta. Aji 5 da 6 wasiƙa ce da insha'i. Abin da zan ja kunne a kai shi ne rerawa. Aji guda zai miƙe ya rera gaisuwar safe da murya ɗaya, baƙo ya ji daɗi. Ka ware yaro ɗaya ka tambaye shi sunan ƙanwarsa da Turanci, sai ya maimaita maka tambayar. Yadda za a gwada wannan a gida na cikin amsar da na ba iyayen da ba su yi boko ba.

Lissafi fa? Me ake yi a kowane aji?

Tsani ne, kowane mataki kan na ƙasansa yake. Aji 1 ƙirga ne har ɗari kafin shekara ta ƙare, da ƙananan tarawa da ɗebewa. Aji 2 ana shiga ɗaruruwa, a san gidan ɗai-ɗai da gidan gomomi, a taɓa rabi da kwata. Aji 3 ne mahaɗa: tarawa mai ajiye ɗaya, ɗebewa mai aro, jadawalin sau, da farkon rabawa. Aji 4 dubbai ne, lambobin Romawa, LCM da HCF (mafi ƙanƙantar lambar da lambobi biyu ke shiga cikinta daidai, da mafi girman lambar da ke raba su daidai), awon tsawo da nauyi. Aji 5 da 6 kuma kaso cikin ɗari, lamba mai ɗigo, riba da faɗuwa, faɗin fili.

Inda yara suka fi karyewa shi ne aro da jadawalin sau. Wanda ya bar aji 3 bai riƙe su ba, duk abin da za a ɗora masa a aji 5 zubewa zai yi. Kuma ba ƙwaƙwalwar ce babu ba. Na taɓa samun wata yarinya a aji 4 mai tallar awara da yamma. Na rubuta 500 − 350 a allo, ta tsaya tana cizon biro. Na ce, "To, na sayi awarar ɗari uku da hamsin, na ba ki ɗari biyar." Ban rufe baki ba ta ce, "Canjinka ɗari da hamsin, Malam." Lissafin na kanta, hanyar sauke shi a takarda ce ba a nuna mata ba. Da tsinken tsintsiya muka gyara, ɗauri goma-goma, duk lokacin da za a yi aro sai ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta.

A gida ku tara marafan lemo ko ƙwallayen dabino, sun fi littafi amfani ga ɗan aji 1 da 2. Kada kuma ku yi dariya in ya zo da aikin naira da kwabo; littattafan na nan da kwabonsu, ko da yake yaran yanzu ba su taɓa riƙe shi ba. Mudu da tiya ya sani a kasuwa, makaranta kilo da lita za ta tambaye shi.

Yaya ake koyar da kimiyya a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji?

Tsakar makaranta ta isa. Ƙanana suna koyon mai rai da marar rai, ruwa, iska, launuka da tsabtar jiki. Manya suna shiga sassan tsiro, ire-iren ƙasa, yanayi, haske da inuwa, maganaɗisu, yadda jini ke zagaya jiki, da cututtukan da sauro da ƙazamin ruwa ke kawowa.

Malami mai himma yanayin gari yake bi. Ƙarshen zangon farko da farkon na biyu hunturu ne, ga hazo ga leɓe na fashewa, darasin iska ya kawo kansa. Bazara in ta kama, a ɗiga ruwa a faranti a ajiye a rana, kafin tashi yara su zo su tarar ya tafi, a tambaye su ina ya je. Damina in ta sauka a zango na uku, kowa ya shuka wake a gwangwanin madara, ɗaya a taga ɗaya a kabad mai duhu, bayan mako a gwada. Gusowar hamada kuwa, ɗan Daura ko Jibiya ba sai an zana masa ba, a fita a dasa bedi a bakin katanga. In littafin kimiyyar ɗanku ya cika da rubutu amma bai taɓa zuwa gida neman gwangwani ko ƙasa a leda ba, kwafa ake yi.

Ana koya musu tarihin garinsu kuwa, ko sai jihohi da manyan biranensu?

Tarihi ya yi shekaru ba ya tsaye da ƙafarsa a firamare, yanzu an dawo da shi. Daga kusa ake farawa: iyali, unguwa, gari, jiha, ƙasa. Tare suke tafiya da darasin zamantakewa, inda ake maganar shugabanni tun daga mai unguwa da dagaci da hakimi har sarki. Za su haddace jihohi 36 da Abuja, su san an samu 'yancin kai a 1960, an cire jihar Katsina daga tsohuwar Kaduna a 1987. Taken ƙasa da suke rerawa a layin safe ma ya canza a 2024, an dawo da wanda aka bari a 1978, shi ya sa kakanni suka fi iyaye iya shi.

Mu nan ba mu da uzurin koyar da tarihi a bushe. Hasumiyar Gobarau na tsaye a cikin birni. Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, yara na ratsa su kullum ba su san ƙofofin ganuwa ba ne. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ne. A Daura ga rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda da Daurama. Na taɓa karɓar wani aji 5 da ke rera jihohi da biranensu ba tuntuɓe, na zana taswira na ce a nuna mini Katsina, yara uku suka nuna bakin teku. Tun daga nan duk zango sai mun fita ko sau ɗaya ne.

Tunda yana zuwa Islamiyya, me darasin addini na boko zai ƙara masa?

Ba zai maye gurbin Islamiyya ba, ba a ma yi shi don haka ba. Ana bin gajerun surori, shika-shikan Musulunci da na imani, tsarki, alwala da salla, tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hadisan ladabi. Ɗan Islamiyya yakan riga ajin sanin yawancinsu. Bambancin, a nan a rubuce zai amsa. Za ka ga yaro ya haddace izu biyu amma ya faɗi jarrabawar addini don bai iya karanta tambayar ba. Maganar dai ta sake komawa kan karatu. Yaran Kirista nasu darasin ake yi musu daban.

Noma, zane, kwamfuta: ba cike gurbi ba ne kawai?

Inda aka mayar da su haka, laifin makaranta ne. A noma ana koyon kayan aiki, fartanya, garma, lauje, da bambancin amfanin ci irin gero da dawa da na sayarwa irin gyaɗa da audugar da aka san Funtuwa da ita. Zane da al'adu ya haɗa da ginin yumɓu, saƙar kaba da wasan kwaikwayo, kuma sau da yawa yaron da ya yi shiru duk mako a nan ake fara jin muryarsa. Kwamfuta ce abin tausayi. A makarantu da yawa a allo ake zana ta, yara su haddace sunayen sassanta ba su taɓa danna ko maɓalli ɗaya ba.

Yaya ake haɗa makin da ke cikin kati? Ɗana ya zo na uku, in kwantar da hankalina?

Maki kashi biyu ne, na tes da aikin gida da ake yi cikin zango, da na jarrabawar ƙarshe. Wasu makarantun 40 da 60 suke rabawa, wasu 30 da 70. Ke nan yaron da ya yi fashi ranar tes ya zubar da maki tun kafin jarrabawa ta zo.

Na uku a cikin su wa? Tsarin ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35, amma na riƙe ajin da ya haura ɗari, wasu a benci wasu a ƙasa. A irin wannan ajin ana iya zuwa na uku ba a iya karanta jimla ba, musamman in jarrabawar ta canki-canka ce, malami na karanto tambaya da ƙarfi. Akwai kuma makarantun kuɗi da ba sa son ɓata wa mai biya rai, kowa 80 da 90. Ku bar layin matsayi, ku duba makin Hausa da Turanci da lissafi, da abin da malamin aji ya rubuta da hannunsa, da layin da ke nuna sau nawa aka buɗe makaranta, sau nawa yaro ya zo. Kada adadin ya ruɗe ku in ya haura ɗari, safe da rana ake kiran rajista. Layin nan ya sha tona asirin masu fita da yunifom su ƙare a gindin mangwaro.

Ni ban yi boko ba. Ta yaya zan san ko ana koya wa ɗana wani abu?

Hajiya, ba sai kin iya karatu ba. Ki karɓi littafinsa na rubutu ki buɗe. Ko ba ki san abin da aka rubuta ba, ai kin san jan biro. Ki duba ko malami na bi yana dubawa, ko shafi goma sun wuce ba alamar hannunsa. In wata guda ya wuce shafi biyu kawai aka ci a na lissafi, akwai magana. In kuma littafi ɗaya ya zuba komai a ciki, lissafi a gaba, addini a baya, tsakiya an yage an yi jirgi, to daga gida gyaran zai fara.

Sannan ki gwada shi. Kada ki ce ya karanta shafin farko, wannan ya haddace. Ki buɗe tsakiya, ki rufe hoton da tafin hannunki, ya karanta yana bin kalma da yatsa, in ya gama ya gaya miki da Hausa me aka ce. Ki faɗa masa cefane, gishiri, manja, daddawa, albasa, ya rubuta, ki kai wa wani ya karanta miki; in abin da kika faɗa ne ya fito, Alhamdulillahi. Ki aike shi da dubu ɗaya, kafin ya fita ya faɗi canjin da zai dawo da shi. Da daddare kuma, maimakon "me aka koya muku yau?" wadda amsarta kullum "lissafi da Turanci" ce, ki ce ya zama malami ya koya wa ƙaninsa.

Boko da safe, Islamiyya da yamma, yaushe zai yi aikin gida?

Bayan Magariba kafin barci ya kama shi, ko Alhamis da Juma'a da yawancin Islamiyyu ba sa zama. Rabin awa ya isa. Roƙona ɗaya, kada yaya ko uwa su yi masa. Muna gane rubutun babba tun daga nesa, kuma aikin da ya zo daidai duka yana ɓoye mana inda yaron ya maƙale.

Me ya bambanta aji 6? Laifi ne yaro ya tsallake shi?

Akwai sabon karatu, amma rabin hankali na kan jarrabawar shiga sakandare. Hukumar jarrabawa ta NECO ce ke shirya ta makarantun tarayya, irin su kwalejin gwamnatin tarayya ta Daura da ta 'yan mata da ke Bakori. Bayan darussan da aka saba, ana yin tambayoyin gwada kaifin ƙwaƙwalwa, na kalmomi da na lambobi, inda ake ba yaro misali ya gano dokar da ke ciki da kansa. Waɗannan ba sa haddatuwa, sai yawan gwadawa.

Tsallake aji 6 ya zama ado a wasu makarantun kuɗi. Ban goyi baya ba. Manhajar a jere take, kamar yadda na faɗa a amsa ta biyu, kuma kaso cikin ɗari da rubutun wasiƙa a aji 5 da 6 suke nuna. Malamin ƙaramar sakandare ba zai koma baya ya yi su ba, zai ɗauka an zo da su.

Yarona ya yi fashin makonni, wansa kuma ya kai aji 4 bai iya karatu ba. In sa su lesin, ko su maimaita aji?

Fashin mako biyu ko uku, na zazzaɓi ko tafiya ko aikin gona lokacin girbi, ana cike shi. Ku je malamin aji ya nuna muku a sikim makonnin da aka wuce, ku ari littafin abokinsa. Kada a ce sai ya kwafe komai. Lissafi da Turanci za a zauna a yi masa bayani.

Shi kuwa wan, lesin da zai sake nanata masa darasin aji 4 asarar kuɗi ce. Maimaita aji ma, in hanyar da ta gaza ce za a sake bi, shekara ce kawai za ta tafi. A koma da shi inda ya tsaya, ko da baƙaƙe ne, ba gori, kuma ba a gaban ƙannensa ba. A fara da Hausa, saboda dalilin da na kawo a amsar darasin Hausa: wasula, baƙi uku ko huɗu a mako, gaɓoɓi, kalmomi, sannan jimla. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Kafin a fara a tabbatar yana gani yana ji sosai, don na sha samun yaron da ake kira daƙiƙi, ashe allon ne ba ya hangowa daga bayan aji. Ku roƙi malamin ya dawo da shi layin gaba, bayan mako huɗu ku koma ku tambayi inda aka kai.